Yaya Sun-deok Mai Karanta Kwali

Shekara goma sha shida na yi ina ɗaukar kaya a layin masu fitilun mota na kasuwar Janganpyeong da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Kullum da ƙarfe uku na rana nake shigowa da motar kamfaninmu na aika kaya, in bi shago-shago in kwashe abin da za a aika wa makanikan garuruwa: fitila, madubi, bamba, lagireto, wani lokaci har ƙofar mota sukutum. A nan na san Eom Sun-deok. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma Direba Bang take ce mini ko da a gidan biki muka haɗu.

Shagon na mijinta ne, Chu Man-ho, mutum mai ƙatuwar murya da kaifin ido. In ka nuna masa ɓallin gilashi kamar farce zai gaya maka motar da ya fito da shekarar da aka ƙera ta. Amma in ka miƙa masa takarda ya cike, sai gumi ya karyo masa. Ita kuwa ƴar gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kullum da abin awo na tela rataye a wuyanta. Wurin zamanta wani ɗan tebur ne a ƙuryar shago, tsakanin tulin kwalaye da tukunyar shayin sha'ir.

Ƴar garin Yeongju ce. Mahaifinta ɗan ƙwadago ne a gonar tuffa ta wani mai hali, kuma tun tana da shekara tara take taya shi jera tuffa cikin akwatin katako, ana zuba ƙaiƙayin shinkafa a tsakani. Ta taɓa gaya mini cewa a wancan lokacin in dillali ya dawo da akwati ya ce kayan sun lalace, mahaifinta ne ke shan faɗa. Shi ya sa ta koyi duba tabo. Tabon faɗowa daga bishiya daban, na matsar yatsa daban, na ƙusar akwati daban, kuma kowanne yana nuna kwana nawa ya yi. Da ta kai sha takwas ta zo Seoul, ta yi shekara bakwai a masana'antar ɗinki, sannan ta auri Chu. Shekarun farko abincin rana kawai take kawo masa shago, ta share, ta koma gida wajen ƴarsu Mi-ran.

Da aiken kaya ta hannun kamfani ya yawaita, sai fashe-fashe suka yawaita. Fitilar mota ba ta son wasa, ƙananan kunnuwan roba da ake ɗaure ta da su a jikin mota da ɗan bugu kaɗan suke karyewa. Makaniki zai bugo waya daga wani gari ya ce ta iso a karye, Chu ya bugo wa kamfani ya yi ta zazzaga musu masifa har maƙwabta su leƙo, a ƙarshe a ce masa wa'adin ƙorafi ya wuce, ko a ce shi ne bai naɗe kayan da kyau ba. Wata rana yana cikin wannan hargagi ta zare wayar daga hannunsa, ta gaishe da wanda ke ɗaya gefen, ta tambaye shi sunansa, ta rubuta, ta ce ya karanto mata abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar Chu bai sake taɓa takardar ƙorafi ba. Shi da kansa yake faɗa a layi, wai shi ke farauta, Maman Mi-ran ke zuwa kotu.

Yadda take aikinta ba wani sirri a ciki, haƙuri ne kawai da yawancin mutane ba su da shi. Kafin a rufe kwali sai ta ɗauki hoton kayan ta kowane gefe, ta ɗauka bayan an naɗe da soso, ta sake ɗauka bayan an manna salatif. Ba ta barin gurbin darajar kaya a takardar aike babu rubutu, ko da ina tsaye ina ƙorafin cewa rana na tafiya. Duk wanda ta aika wa kaya sai ta gaya masa ya buɗe a ranar, kuma in ya ga matsala kada ya jefar da kwalin. In kwali ya dawo, takan ɗora shi a teburinta ta yi ta juya shi tana shafawa da yatsa kafin ma ta kalli abin da ke ciki.

Ba kamfani kaɗai take kamawa ba. Na taɓa tarar da ita tana waya da wani makaniki da ya rantse fitilar a karye ta iso masa. Kwalin na gabanta lafiya lau, ko ƙwarzane babu, a jikin kunnen da ya karye kuma ga zagayen sawun noti. Ta bar shi ya gama bayani, sannan cikin sanyin murya ta ce, "Maigida, da sifana mai lamba goma ka ɗaure ta ko da sha biyu?"

"Da goma mana," in ji shi, kafin ya ankara.

Ba ta ƙara masa ko kalma ɗaya a kan wannan ba. Ta ce akwai ƙarfen gyaran kunne da suke sayarwa, za ta sa masa a kayan gobe, kuma ya riƙa tsayawa da zarar notin ya kama. Mutumin nan har yau a wurinsu yake sayayya.

Abin da ya haɗa ni da ita sosai ya faru ne a shekarata ta tara a layin. Wani makaniki mai suna Seol a Tongyeong, wani gari na bakin teku can kudu, ya nemi fitilar wata tsohuwar a-kori-kura da aka daina ƙerawa shekara ashirin da suka wuce. Motar ta wani mai sayar da kawa ce, naman ruwan nan mai ɓawo, kuma ba za a sabunta mata takarda ba sai da fitila mai kyau. Chu ya sha wahala kafin ya samo guda ɗaya. Yaya ta naɗe ta da hannunta, ni na ɗauka. Bayan kwana biyu Seol ya bugo ya ce gilashin ya tsage daga gefe.

Ta shigar da ƙorafi kamar yadda ta saba. Kamfaninmu ya duba ya ce babu wani rahoton ɓarna daga babbar tashar rarraba kaya, don haka laifin na direban da ya ɗauka ne, wato ni. A ƙa'idarmu diyyar daga albashin direba ake cirewa, a kuma sa masa jan maki. Wannan ne na uku da aka sa mini a cikin wata biyar, kuma duk wanda ya tara uku a shekara ana karɓe layinsa a ba wani. Na san ban yar da kayan kowa ba, amma ba ni da abin nunawa. Ranar da takardar ta zo na shiga shagonsu na kwashi kaya na juya zan fita. Ita ce ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta tambaye ni abin da ya sami fuskata. Na gaya mata. Ita a wajenta magana ta ƙare, tunda an amince za a biya su. Amma sai ta ce in ba ta ranakun da aka sa mini sauran makin biyu, ta rubuta a bayan wani rasit.

Ashe ta riga ta sa Seol ya dawo mata da kwalin. A gefensa na hagu akwai wani baƙin layi da ya ja daga gaba zuwa tsakiya, ya ƙare da ɗan rami kamar an soka ƙarfe. Ta ce ta taɓa ganin irin layin nan. Ta hau bene ta tono wani kwalin da ta ajiye tun bazara, ga shi kuwa iri ɗaya. Daga nan ta shiga bin shagunan layi da abin awonta, tana tambayar wanda kayansa suka lalace a watannin nan. Yawancinsu sun jefar da kwalayen, wasu ma dariya suka yi mata, wai Maman Mi-ran ta koma sana'ar bola. Amma ta samu huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kwanon abincin kyanwar mai shagon madubi. Chu ya yi ta mita cewa an biya su, me kuma take nema, ko Direba Bang ɗanta ne. Ta ce masa in aka kawo sabon direba shi zai koya masa yadda ake ɗaga bamba, ita ba ruwanta. Ya daina mitar.

Ranar Litinin, wadda ita ce ranar hutuna, ta ce in kai ta ofishin ƙorafi na kamfaninmu. Ta ɗaure kwalaye shida cikin ƙaton ƙyalle, ta sa rigar da take zuwa biki da ita. Shugaban sashen wani ne Manaja Tak, mai furfura a gefen kunne, wanda ko mu direbobi ba ma ganinsa sai a taron ƙarshen shekara. Aka ce mu jira. Awa biyu muka yi a benci. Ni duk na tsargu, ina tunanin ko zuwan nan zai ƙara jawo mini, ita kuwa ta ciro dafaffen ƙwai daga jaka ta ɓare mana, ta tattara ɓawon a aljihu.

Da aka shigar da mu, Manaja Tak bai ko ɗago sosai ba. Ya ce, "Inna, ai an riga an amince da takardarki. In kina son ki san ranar biya, a ƙasa ake tambaya."

Ta ce ta gode, ba wannan ya kawo ta ba. Ta kwance ƙyallen, ta jera kwalayen a ƙasan ofishinsa, baki da baki, kowanne gefen hagunsa na kallonsa. Sannan ta leƙa waje ta aro sandar goge-goge a hannun mai shara, ta kara ta a jikinsu. Baƙin layin nan ya tafi ɗoɗar daga kwali na farko har na shida, kamar da rula aka ja shi, yatsa huɗu daga ƙasa.

"Yallaɓai," ta ce, "in direba ya yar da kaya, kusurwa ce ke lotsewa. Kuma ba direban da ke yar da kaya sau shida a tsayi ɗaya."

Sai a lokacin ya ajiye biro. Ta nuna masa takardun aiken ɗaya bayan ɗaya. Duka shidan dogayen kwalaye ne, duka kudu suka nufa. Biyu daga ciki ma ba ni na ɗauka ba, a makon da na tafi ƙauye bikin tunawa da mahaifina aka aika su, wani direban ne ya riƙe mini layi, shi ma an sa masa maki bai san dalili ba. Manaja Tak ya ce shi ba shi da iko da tashar rarraba kaya, sashe daban ne. Ta ce ta sani, amma yana da waya. Ta ce ya gaya musu su duba bel ɗin injin da ke jan kayan kudu, wurin da yake shan kwana, ta hannun hagu. Gajeren kwali zai wuce lafiya, dogo ne zai goga. Ya tambaye ta ko ta taɓa aiki a tashar. Ta ce ko ƙofarta ba ta taɓa gani ba, amma ta yi shekara bakwai tana tura yadi a ƙarƙashin allura, ta san yadda abu ke ja in ya sha kwana.

Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya dai ɗauki hoton kwalayen da wayarsa, ya ce a bar masa su. Ta ce a'a, za ta bar masa uku ta tafi da uku, kuma ya sa mata hannu a kan waɗanda ya karɓa. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya sa hannun.

Kwana tara bayan haka aka kira ni ofis. An sami wani noti da ya kwance a jikin ƙarfen da ke tare kaya a kwanar bel ɗin, kansa ya leƙo waje kamar tsawon ɗan yatsa. Wata shida yana nan yana yankar kwalayen mutane. Aka goge mini makin uku, aka mayar mini da abin da aka cire, haka ma wasu direbobi goma sha ɗaya a wasu unguwanni da ba su taɓa jin sunanta ba. Na sayi kwandon lemo na kai shago. Ta raba wa layi duka, har da mai kyanwa.

Diyya dai ba ta haska hanya, mai kawa na can yana jiran fitila. Chu ya yi mako uku yana zagaya wuraren yanka tsofaffin motoci har ya samo wata a garin Gimpo. Wannan karon ya ce ko sarkin kamfani ne ba zai ba shi ba. Ya rungume ta a cinya cikin bas har Tongyeong, ya tsaya a kan Seol har aka ɗaura, ya dawo washegari da jarkar kawa da ciwon ciki, yana ba da labari kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Bayan wannan na ɗauka ni da Yaya mun zama abu ɗaya, kuma a nan na yi kuskure. Damina ta gaba, wata rana ana tsuga ruwa, ina ɗora wani lagireto nasu a mota sai ƙafata ta zame, kwalin ya suɓuce ya daki ƙasa da kusurwa. Na waiga, ba wanda ya gani. Na duba, ɗan lotsewa ne kawai, na goge da hannun riga na tura shi ciki. Na ce wa kaina ba abin da ya same shi.

Bayan kwana huɗu na shigo na tarar da kwalin a teburinta. Ta aiki Chu ya sayo salatif, alhali ga shi nan jibge. Ta zuba mini shayi, ta ce in zauna. Ta juyo mini da kusurwar, ta nuna inda ruwa ya jiƙa ya bushe, ta kankaro wani abu da farce ta ɗora a tafin hannuna. Jan yashi ne, irin wanda aka zuba a bakin layinmu lokacin da ake gyaran kwata.

"Ban cike takardar ba tukuna," ta ce. "Ko kai ka gaya musu, ko ni in rubuta abin da na gani. Na fi son kai ka faɗa."

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce mata ai tana iya rubuta cewa a tasha ne, yanzu duk abin da ta faɗa yarda suke yi, kuma kamfanin ba zai ji a jikinsa ba. Na ce ashe zaman da muka yi bai kai lagireto ɗaya ba. Ta bar ni na gama, tana kallon kofinta.

"Direba Bang, in na ce tasha ce, wani zai ɗauka a can. Akwai mai lodi da za a sa wa makin, shi ma yana da iyali, kuma ba shi da wata yaya a Janganpyeong." Ta ajiye kofin. "Abin da ya fi ɓata mini rai, da ka shigo a lokacin ka gaya mini, da mun buɗe mun canza shi. Makaniki ya kwana huɗu da motar mutane a gareji yana jiran abin da ka san ya faɗi."

Na fita ban sha shayin ba. Amma a yammacin na kai rahoton kaina. Aka sa mini maki ɗaya, aka cire diyyar. Mako guda ina zuwa ina kwasar kayansu ba na haɗa ido da ita, ita ma ba ta matsa mini ba, gaisuwarta dai ba ta fasa ba. Ranar Asabar ta miƙo mini wani ƙunshi tare da takardun aike, ta ce takalmin roba ne mai kama ƙasa, ta ga nawa ya sha ƙasa har ya yi santsi, kuma kada in yi mata godiya, na Chu ne da ya yi masa kaɗan. Lambar ƙafata ce daidai, Chu kuwa ƙafarsa ta fi tawa da lamba uku. Na san don ni ta saya. A sauran shekarun da na yi a layin na yar da kaya sau biyu, kuma duka biyun da ƙafata na koma shago na faɗa tun kafin in tayar da mota.

Daga baya kamfanin ya aiko mata da tayin aiki a sashen Manaja Tak. Ta ce a gaishe shi, amma in ta tafi wa zai hana Baban Mi-ran zagin mutane a waya. Sai dai ƙungiyar ƴan kasuwa ta ba ta tebur a ɗakin taronta, ranakun Talata da Juma'a, duk wanda kayansa suka lalace ya kawo. Ba kowa ke fita yana murna ba. Akwai masu cewa ta cika tsauri, akwai wani mai bamba da ya yi shekara biyu ba ya gaishe ta don ta ce masa a gaban mutane jarida biyu ba naɗi ba ne. Ni ma ina ganin da ta ja shi gefe. Amma shi ɗin ma, da babbar matsala ta same shi da wani kaya da ya aika tsibirin Jeju, gabanta ya zo ya zauna.

Bara bayana ya hana ni aiki, na ajiye tuƙi. Chu ma gwiwa ta zaunar da shi, mijin Mi-ran ne ke riƙe da shago, shi kuma yana zuwa ya zauna a kujera ya yi ta gyara wa surukinsa magana a gaban masu saye. A watan jiya na leƙa layin. Na tarar da Yaya a ɗakin ƙungiya, ta sa wata fitilar sababbin motocin nan masu lantarki a gaba, ita da wani makaniki sun kwance bayan fitilar. Ta ce waɗannan ba su da kirki, sai su lalace a ciki alhali waje na ƙyalli, dole ta koyi gwada su da na'ura, ga ta da shekara sittin da tara. An yi mata aikin ido a watan uku. Na tambaye ta yaya idon. Ta ce ya yi kyau har ya yi yawa, sai yanzu ta ga irin dauɗar da ke bangon shagonsu, shekara talatin ba wanda ya gaya mata. Ta sa an yi fenti, Chu na cewa shagon ya koma kamar asibiti.

Sha biyu ta yi, ta rufe fitilar da tawul, ta ce wa makanikin ya dawo ƙarfe ɗaya. Muka bi ta shago muka ɗauko Chu, yana dogara sanda yana mitar cewa mun cika sauri, muka tafi shagon taliya na bakin titi. Ni na yi niyyar biya, amma kafin in lalubo walat ta riga ta miƙe, ta ce wanda ba ya aiki ba ya ciyar da masu aiki, in zauna in ƙarasa romona.